Wanda ya sayi gona da ka, ya sayi shari'a da kuɗinsa

Tun daga shekarun da albashi ke yin watanni bai fito ba, har aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, wata aƙida ta zauna daram a zukatan ma'aikata da ƴan kasuwar ƙasar nan: wai ƙasa ba ta ruɓewa, ba ta cin ciyawa, ɓarawo ba ya ɗaukarta, saboda haka duk wanda Allah ya hore wa ƴan jikkuna, to ya binne su a gona ya kwanta har da minshari. Shi ya sa ranar Asabar da sassafe ake ganin motocin manyan ma'aikata na ficewa daga Yamai ta hanyar Kollo da ta Sayi da ta Filinge, Alhazan Maraɗi sun nufi fadamun Gulbi, na Damagaram sun nufi Korama, na Tawa da Ƙonni sun nufi Maggiya. Kowa da takardarsa a aljihu, falle ɗaya mai hatimin mai gari da dangwalen shaidu biyu, yana ganin da ita ya gama da duniya.

Bai gama ba, yanzu ma ya fara. Abin da dillali ba ya faɗa, mai gari kuma ba ya son a tayar, shi ne cewa a dokokin Nijar gona tana zuwa da alhakinta a goye. Mai ita zai amsa tambaya a kan wanda ya sayar masa, da wurin da gonar take, da abin da ya yi da ita, har da abin da ƴan baremarsa suka aikata a cikinta ranar da shi yana zaune a ofis ko yana lissafi a kanti. Abin mamaki, mutumin da ba zai karɓi buhun hatsi a kasuwa ba sai ya soka masa ƙarfe ya ga ƙwayar, shi ne zai zube miliyoyi a kan fili ba tare da ya tambayi ƴaƴa nawa marigayi mai filin ya bari ba.

A ƙasar Hausa ba kasafai gona take da mai ita guda ɗaya ba. Sau da yawa gandu ne na gida, uba ya rasu ba a raba ba, babban wa yana riƙe da shi a madadin ƙannensa, wasunsu suna Kano ko Legas ko Abijan ko Libiya wurin nema, ƴan'uwa mata kuma suna ɗakunan aurensu. Ranar da rumbu ya ƙare, ko auren ɗa ya taso, sai wan ya kira dillali. Bayan shekara biyu ƙane ya dawo da jakarsa ya tarar da shingen waya a inda ya bar kan gonar ubansa. Ko ƙanen bai dawo ba, akwai matan. Musulunci ya ba ɗiya mace rabin rabon ɗa namiji, kuma a kudancin jihar Maraɗi, inda ƙasa ta yi ƙaranci har gamanar da ake yankar wa mace ta fara ɓacewa, mata sun koyi hanyar gidan shari'a don neman gadonsu. Sun yi daidai. Alƙalin da ke duba rikicin gonar da ba ta da rajista yana hukunci ne bisa al'adar masu ƙara, da mataimaka a gefensa waɗanda suka san al'ada da fiƙihu, kuma babu al'ada ko littafin da ya halatta wa mutum sayar da rabon ɗan'uwansa. Sai a rushe cinikin. Kuɗin kuwa an riga an ci, an yi biki, an yi suna. Mai saye ya koma bin bashin mutumin da ba shi da ko akuya.

Sannan ga aro da jingina. Gonar jingina tana komawa ga mai ita ranar da ya biya bashinsa, ko da an yi shekara talatin. Wanda ke riƙe da ita in ya sayar, ya sayar da abin da ba nasa ba. Ta aro kuma ta fi rikitarwa, saboda siyasa ta daɗe da sa hannu a cikinta. Tun 1960 gwamnatin Jori Hamani ta haramta ushirar da ake karɓa daga hannun masu noma gonakin wasu. A watan Disamban 1974 Seyni Kunce ya yi shelar cewa duk gonar da mutum ke nomawa, ko ta wace hanya ta shigo hannunsa, ta zauna a hannunsa. Niyyar ita ce kare talaka, amma shelar ta tsaya a jawabi, ba ta fayyace wa ke da mallaka ba. Sakamakon haka, har gobe akwai dubban gonaki masu iyalai biyu: jikokin wanda ya sare dajin, da jikokin wanda ya yi rabin ƙarni yana nomawa. Kowane ɓangare na da tsofaffin da za su shaide shi, kowanne kuma a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Baƙon da ya saya daga ɗayansu ya gaji gabar ɗayan, da ƴaƴansa, da surukansa. Ƙidayar 1988 ta sami mutum miliyan 7 da ɗoriya a Nijar, ta 2012 ta sami miliyan 17 da ɗoriya, ƙasar noma kuwa ba ta haihu ba. Gonar da kaka ya bayar aro don ya rasa mai noma ta, yau jikansa zai sayar da sa ya bi ta har kotun ƙarshe a Yamai.

Don magance irin wannan ne aka kafa Kundin tsarin karkara, wanda aka fi sani da Kod Rural, ta hanyar doka mai lamba 93-015 ta ranar 2 ga Maris 1993. Dokar ta yi abin a yaba: ta ce haƙƙin da mutum ya samu ta hanyar al'ada da wanda ya samu ta hanyar takarda darajarsu ɗaya a gaban shari'a. Ya kamata kowane mai saye ya maimaita wannan jimla sau uku kafin ya buɗe jakarsa, domin ma'anarta ita ce takardarsa ba ta fi bakin tsohon da ya san iyakar gonar ƙarfi ba. Dokar ta kuma kafa hukumomin filaye, wato kofo, waɗanda aka fara gwadawa a Mirya da Maine-Sorowa a 1994, daga baya aka shimfiɗa su daga gunduma zuwa ƙaramar hukuma zuwa ƙauye. Aikinsu shi ne su je su ga gonar da idonsu, su tara maƙwabta, su yi shela don mai ja ya fito, sannan su rubuta takardar saye, ko ta kyauta, ko ta gado, ko yarjejeniyar aro da haya da jingina, su ajiye kwafi. Wannan shela ita ce garkuwar mai saye, kuma ita ce abin da mai saye ya fi gudu. Yana son a gama cikin dare, kada dangi su ji, kada farashi ya tashi. To, ƙanen da bai ji ba ranar ciniki zai ji ranar shuka.

Akwai kuma wani sashe na wannan doka da masu sayen ƙasa don ajiya ba su taɓa karantawa ba. Doka ta ɗora wa mai gona wajibcin raya ta. In aka tabbatar ya bar ta shekara uku a jere ba aiki, ba kuma da wani uzuri karɓaɓɓe ba, kofo na da ikon danƙa amfaninta a hannun wani. Mallakar ba ta faɗuwa, gaskiya ne, amma duk wanda ya san ƙauye ya san yadda ake fitar da mutumin da ya yi damana biyar yana zuba taki a wuri. Babban ma'aikacin da ya kafa turakun siminti a hekta hamsin yana jiran gari ya iso ya yanka filaye, alhali matasan ƙauyen na tafiya ci-rani don rashin inda za su kafa hauya, ya san da sanin cewa ba doka kaɗai ya taka ba.

Duk wannan asarar kuɗi ce, kuma kuɗi ana mayar da su. Inda magana ta fi nauyi shi ne batun burtali.

Filin da ya fi arha a kasuwar dillalai, shimfiɗaɗɗe, mai taki, ba kututture, ba mai noma shi, shi ne filin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya tambayi dalilin da ya sa ba kowa a kansa. Galibi amsar ita ce hanyar dabbobi ce, ko makiyaya, ko bakin mashaya. Takin da ke burge mai saye kashin shanun da suka yi shekaru aru-aru suna bi ta nan ne. Doka mai lamba 2010-029 ta ranar 20 ga Mayun 2010, wadda ta tsara sha'anin kiwo, ta sanya burtali da makiyaya a cikin dukiyar al'umma, ta kuma haramta wa kowa mayar da su nasa shi kaɗai. Dukiyar al'umma ba a sayar da ita, daɗewa a kanta kuma ba ya mayar da ita ta mutum. Hatimin mai gari bai isa ya canja haka ba, na sarkin kanton ma bai isa ba, domin ba wanda ke ba da abin da bai mallaka ba. Ranar da hukuma ta tashi buɗe hanyar, shinge zai faɗi, mangwaron da aka yi shekara bakwai ana ba ruwa zai faɗi, kuma mai shi ba shi da bakin neman diyyar da dokar 1961 kan karɓar fili don amfanin jama'a, wadda aka gyara a 2008, ta tanadar wa masu haƙƙi na gaskiya. Haka zancen yake a arewa. Doka mai lamba 61-05 ta ranar 26 ga Mayun 1961 ta ja layin da ya ratsa arewacin jihohin Tawa da Maraɗi da Damagaram, ta ce daga nan zuwa sama ƙasar kiwo ce, ba a buɗe sababbin gonakin damana, kuma dokar 2010 ta sake tabbatar da layin. Attajirin da ya haura can ya shuka, in garke ya shiga ya cinye, ba shi da ɓarnar da zai nema.

Ko a tsakiyar ƙasar noma, mai gona ba sarki ba ne a gonarsa wata goma sha biyu. Kowace shekara gwamnan jiha na sa ranar sakin gonaki, kuma daga wannan rana dabbobi na da izinin shiga su ci kara. Wanda ya bar damman hatsinsa a fili bayan ranar don motarsa ba ta samu zuwa ba, kansa ya yi wa. Manomin ƙauye ya san wannan tun yana yaro. Manomin ƙarshen mako ne ke zuwa ya tarar da shanu a gonarsa a watan Janairu ya hau ihu yana kiran jandarma.

Mutanen Maraɗi ba su bukatar a gaya musu inda irin wannan ihu ke kaiwa. A ƙarshen Oktoban 1991, babban taron ƙasa yana zaune a Yamai ana tsara dimokuraɗiyya, a Toda ta ƙasar Gidan Runji aka hallaka fiye da mutum 100, akasarinsu mata da yaran Fulani, a kan rikicin manoma da makiyaya. A farkon Nuwamban 2016 aka maimaita a Bangi ta ƙasar Madawa, kusan mutum 20 suka rasa rayukansu. Ba wanda ya ce masu sayen gona daga birni ne suka kunna waɗannan wutar. Amma duk hektar da aka gutsura daga burtali tana tura garke cikin gonar wani talaka, kuma talakan da makiyayin ne za su haɗu da sanda da adda, mai shingen yana birni yana shan iska. Wanda ya toshe hanya ya san ruwa zai nemi wata.

Sai dai shi ma ba zai sha iskar har abada ba, kuma a nan ne ya kamata ƴan kasuwa su buɗe kunne, tun da su ne suka san ma'anar yaron gida. Dokar hulɗar jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, a sashenta na 1384, ta ɗora wa ubangida alhakin ɓarnar da yaronsa ya yi a cikin aikin da ya sa shi. Mai gadin da aka ajiye a garka, aka ba shi buhun hatsi da umarni guda, kada ya bar ko akuya ta shiga, in ya sare ƙafar saniya, ubangidansa ne zai buɗe jaka. Dokar 1987 kan zirga-zirgar dabbobi a yankin noma ta ƙayyade cewa wanda ya kashe dabba zai biya farashinta na kasuwa, ko da a cikin gonarsa ya same ta. Hanyar da aka yarda da ita ita ce a kai dabbar turken hukuma, a kira masu kimanta ɓarna, a je gaban mai gari a sasanta. In kuwa abin ya wuce dabba ya kai ga ɗan Adam, mai gadi zai tafi gidan kaso, tambayar farko da mai bincike zai yi masa kuma ita ce wa ya ba shi umarni, wa ya saya masa makamin. Yaron da aka yi wata uku ba a biya ba, ba zai rufa wa kowa asiri ba.

Haka in ƴan barema suka sa wa sassabe wuta iska ta kwashe ta zuwa rumbunan maƙwabta ko ta cinye makiyaya: ga biyan ɓarna, ga kuma hukuncin dokar gandun daji ta 2004. Haka in aka bar rijiya baki buɗe yaro ya faɗa, ko aka zubar da ragowar maganin ƙwari a bakin tabki tumaki suka sha. Hatta itacen da ke tsaye a tsakiyar gonar ba a taɓa shi da ka. Gawo na cikin itatuwan da doka ta kare, kuma sabon mai gona da ya kawo tarakta ya ce a tumɓuke masa su don su ba injin hanya zai ga ma'aikatan gandun daji da takardar tara kafin ganyen ya bushe. Abin takaici, waɗannan itatuwa su ne manoman Maraɗi da Damagaram suka raya da sassaben zamani tun shekarun 1980, har duniya ke zuwa kallo.

Masu kare wannan sayayya suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Suna cewa noman Nijar na bukatar jari, talaka ba shi da kuɗin rijiyar burtsatse ko injin ban ruwa ko taki, in ɗan kasuwa bai shigo ba wa zai shigo? Gaskiya ne. Albasar Galmi da rake da tattasai ba da addu'a kaɗai suke isa kasuwannin Abijan da Akara ba. Amma jarin da ke tsoron shela, jarin da ba ya son maƙwabta su sa hannu, wane irin jari ne? Ɗan kasuwar da ke son noma na gaskiya yana da hanyoyi a buɗe: ya yi haya a rubuce a gaban kofo, ya yi tarayya da masu gonar, ko ya saya bayan an raba gado kowa ya karɓi nasa, ya nemi a auna, ya bi ta har ya sami takardar mallaka ta rajista. Hanyar tana da tsawo, tana cin kuɗi da haƙuri, amma ba ta kai tsawon shari'ar gona ba, wadda ke farawa daga zauren mai gari, ta je fadar sarki a rubuta takardar sasantawa ko ta rashin sasantawa, ta shiga kotu, ta hau ɗaukaka ƙara, har mai ƙara ya rasu ƴaƴansa su gaji fayil ɗin.

Hujja ta biyu ba a faɗarta a fili, amma ita ce ta ainihi: ai akwai mutum a sama. Ga ɗan'uwa minista, ga aboki perefe, ga jam'iyya. Wanda ya dogara da wannan bai karanta tarihin ƙasarsa ba. An yi juyin mulki a 1974, da 1996, da 1999, da 2010, da 2023, kuma kowane sauyi na zuwa da sababbin masu iko a gunduma. Talakan da aka danne ba ya mantawa. Yana naɗe ƙararsa ya sa a ƙarƙashin tabarma, ranar da aka canja perefe ya fito da ita sabuwa fil. Inuwar minista ba ta wuce shekara biyar ko goma, gabar gona kuwa ana gadonta kamar yadda ake gadon gonar.

Laifin bai tsaya a kan masu saye ba. Akwai masu garin da ke buga hatimi sau biyu a kan gona ɗaya, su karɓi goro a hannun mutum biyu, gobe kuma su zauna a matsayin masu sasanta su. Mai gari shi ne shugaban kofon ƙauyensa, shi ne shaidar ciniki, shi ne kuma alƙalin farko in rikici ya tashi. In ya lalace, duk matakan uku sun lalace tare. Ya kamata wanda aka kama da hatimi a kan takardar sayar da burtali ya tsaya gaban shari'a kafaɗa da kafaɗa da wanda ya saya, rawani kada ya hana.

Gwamnatocin da suka gabata kuma su ne uwa uba. Abin lura ne cewa manyan dokokin nan biyu, ta 1993 da ta 2010, dukansu gwamnatocin riƙon ƙwarya ne suka sa musu hannu; zaɓaɓɓun ƴan majalisa, waɗanda da yawansu manyan masu gonaki da garkuna ne, ba su ne suka haife su ba. An kafa kofo, aka bar su suna jiran ayyukan ƙasashen waje su saya musu babur da littafin rajista. In aikin ya ƙare, kofon ya kwanta. Har yanzu akwai ƙauyuka masu yawa da ba su da kofo mai aiki, akwai burtalin da ba a kafa wa turaku ba, dokokin kuma suna kwance da Faransanci a cikin kabad, harshen da mafi yawan masu gonakin da masu garkunan ba su karantawa. An yi babban taro kan filayen karkara a Yamai a watan Fabrairun 2018, an amince da manufar ƙasa kan filayen karkara a 2021. Takardu sun yi kyau. Abin da mai saye da mai sayarwa da makiyayi ke bukata shi ne taswirar burtali da makiyaya a manne a bangon kowace ƙaramar hukuma, da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci, da littafin rajista guda da kowa zai iya zuwa ya buɗe ya ga ko gonar da ake tallata masa an taɓa sayar da ita, ko tana jingine, ko magada nawa ne ba su sa hannu ba.